Aljihun Nas

Wani tela yana layin asibiti, yana kallon wata nas gajeriya mai wushirya tana yi wa wani tsoho bayanin asmarsa.

"Baba, gashin kyanwa ne ya shiga huhunka, masu gadin jiki suka yi ihun ɓarawo. Fararen ƙwayoyin jini suka rugo kamar maƙwabta, suka cika lungun har ya kumbura. Iska ta bi ta ina?"

"To, 'yata, wa zai sallame su?"

Ta ɗaga maganin shaƙa. "Wannan. Kullum, tun ba su taru ba."

Tsohon yana dariya har da tari. Telan kuwa ya lura da ƙaramin aljihu a rigarta, ɗinkin hannu, daidai girman maganin. Ashe ita ma maƙwabtan sun san lungunta.