Mairama Mai Daudawa, Wadda Mura Ta Ɗauke Wa Hanci

An haifi Mairama a Gangara shekara ta 1958, in dai lissafin jikokinta gaskiya ne. Ubanta Wada manomin gero, uwarta Habi mai daudawa.

Karatu da sana'a

Ta yi allo har inda ya ishe ta salla. Sauran iliminta a gindin tukunyar Habi ta same shi, inda ta koyi sanin nunar kalwa da hanci tun ba a buɗe rufi ba.

Aure

A 1974 aka kai ta Bafarawa gidan mijinta Maliki, mutum mai haƙuri, don ya zauna da warin daudawa har ya koma ga Allah. Ranar kasuwa, sai daudawarta ta ƙare ake duban ta wasu.

Ciwo

A 2020 murar korona ta kama ta. Tari ya wuce, ƙarfi bai dawo ba. In ta yi daka yau, jibi tana kwance, numfashi sama-sama, zuciya na dukan ƙirji. Hanci kuwa ya mutu, har daudawarta ta ruɓe sau biyu ba ta ji ba. Masu saye suka janye. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce son jiki. Malamin asibiti a Isa ya ce cutar ta fita, amma ta ɓata jijiyar da ke kai wari ga ƙwaƙwalwa, kuma dakarun jiki ba su ji an gama yaƙi ba, suna ta dukan gida.

'Ya'ya suka ce ta aje sana'a. Ta ce: "Hanci aka ɗauke, ba hannu ba. Kasuwa za ni." Ta koma cusa hannu cikin kalwa tana auna zafi da yauƙi. Yini guda aiki, yini guda kwanciya, duk mai cewa raggo ce ta ce ya zo ya ari ƙirjin.

Rasuwa

Hancin bai dawo ba, masu saye dai sun dawo. Allah Ya yi mata rasuwa da damina ta 2024, aka yi mata sutura a Bafarawa bayan azahar. Ta bar Abbas, Talha, Hafiza da Kande, da tukunyar daudawa guda a rufe. Da ita aka yi miyar sadakar uku, kuma masu cewa son jiki ne su suka fara miƙo kwano a ƙara musu. Allah Ya jiƙanta.