Kafin Ki Gama "Ranka Ya Daɗe"

Mai karatu, ka taɓa duban sa'an mahaifinka ido cikin ido ka ce masa ya yi kuskure? Abin da Baba Kyaftin, malami a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan mutane ke nan, har Allah ya karɓi abinsa ranar Talatar da ta wuce, bayan 'yar gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba, ni ba matuƙi ba ne. A bakin ƙanwata, ɗalibarka, na san ka. Ta iya tuƙa ƙaramin jirgi ita kaɗai, kai kuma kana shirya ta zama mataimakiyar matuƙi a manyan jiragen fasinja, inda mutum biyu ke tuƙi tare. Yarinya ce da ko shayi aka zuba mata da gishiri, in dai babba ne ya zuba, sai ta shanye ta yi godiya.

Ta ba ni labarin yadda ka zaunar da ita a na'urar kwaikwayon tuƙi, ka karkatar da jirgin wajen dutse da gangan. Ta gani sarai, amma ta tsaya neman ladabi: "Ranka ya daɗe, da za ka ɗan duba..." Allon na'urar ya yi ja, alamar jirgin ya yi karo. Ka juyo kana dariya: "'Yata, kafin ki gama 'ranka ya daɗe', ran ya tafi. Daka mini tsawa!" Ran da ta iya dakawa, kai ka fi kowa murna, har ka kira mahaifiyarmu ka ce kada a ga laifinta in ta fara musu a gida.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalanka da ɗalibanka haƙurin rashi.

Amma hankalina a tashe yake. Ko zaman makoki ba a tashi ba, makarantar ta sanar da ɗalibai cewa an soke sauran darasinka, wai sa koya a bakin aiki. Wane bakin aiki? A sama, da 'ya'yan mutane a baya, kusa da kyaftin ɗin da bai saba a musa masa ba? Ƙanwata rabin horon nan ta yi, kuma jiya na ji muryarta ta fara komawa ƙasa-ƙasa.

Shugaban makaranta, ba a ofis nake son amsa ba. Fito gaban iyayen ɗaliban nan ka faɗa da bakinka: wa zai ƙarasa musu darasin, kuma yaushe?