Igiyar Gugan Inna Atu

Shekara talatin, da an sallame asuba Inna Atu na bakin rijiyar ƙauyenmu, can tsakanin Kebbe da Fakku, tana ja wa gidajen da ba su da mai ɗebo ruwa. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ta ajiye guga. Ba zan bari ta ajiye shiru ba.

A 1978 kuɗin mai ya iso har lungunmu. Jami'i Malam Attahiru ya zo daga Tambuwal da saƙo: aiki ɗaya gwamnati za ta yi mana, mu zaɓa. Maza suka cika ƙofar maigari, suka ce rumfunan kasuwa. Da ya tambayi ruwa, suka amsa, "Alhamdulillahi." Gaskiyarsu, a randa suke ganinsa.

Atu kuwa ta san damina na gajarcewa, motocin itace sun aske fadama, ruwa na ta nutsewa. Duk rani sai ta ƙulla ƙari a igiyarta. Ta tabbata rani biyu nan gaba laka za a sha.

Mace ba ta tsayawa a wannan fili. Sai ga ta da naɗin igiya a ka. Maigari ya haɗe rai, ya dubi mijinta Maccido, kowa kuma ya san abin da kallon nan ke nema. Atu ta sauke igiyar, ta ce:

"Ranka shi daɗe, ba magana nika yi ba. Ku auna. Ƙulli fuɗu cikin shekara fuɗu."

Malam Attahiru ya tambayi maza zurfin rijiyar. Ba wanda ya sani. Maccido ya miƙe, Atu ta sadda kai tana jiran kalmar da za ta mayar da ita gidan ubanta. Sai ya duƙa, ya kama bakin igiya, ya ware hannuwa ya fara aunawa gaba-gaba.

An bar zancen rumfuna, an yashe rijiya, an ƙara zurfi, an hana sara a fadama. Tun ranar ba a zaman shawarar ruwa sai da mata biyu.

Ke ce, Atu, kika ɗauki kunya a ka domin mu sha. Mun gode, Allah ya saka da Alkausara. Ku kuma masu yanke shawara, ku riƙa tambayar mai kanta a tafin hannu. Farin 1984 ya tashi ƙauyuka uku a kewayenmu. Mu ko buzu ba mu naɗe ba.