Dakan da Ya Fito a Kaset ɗin Ƙanena

Ƙanena ya gama makarantar kwana ta Dawakin Tofa a shekarun da taki ya gagari talaka, gero kuma ya ƙi damina biyu a jere. Abin da ya shigo da shi gida akwatin ƙarfe ne da kaset guda, wanda wani ɗan birni ɗan ajinsu ya ba shi. Baƙaƙen fatar Amurka ne a ciki. Ba rerawa suke yi ba, magana suke zubawa da sauri a kan kiɗa. Ni a lokacin ina zaune gidanmu da goyo, maigidana ya tafi ci-rani kudu.

Ba a daɗe ba ya fara yin irin tasa da Hausa. Yana noma yana yi, yana dukan ƙotar fartanya da tafin hannu. Ya yi maganar rumbun da ko ɓera ya ƙaurace masa, da dusar da muke tankaɗewa mu tuƙa, da samarin da suka hau mota ba su waiwayo ba. Inna ta yi dariya ta ce gambara ce ta zamani. Baba bai yi dariya ba.

"Ban haifi maroƙi ba," ya ce. "In haukanka za ka yi, ba a gidana ba."

Sai ƙanena ya ari rakoda wurin mai shayin bakin titi, ya nufi kufan da ke bayan gonarmu. Gidan wata tsohuwa ne da 'ya'yanta suka watse. A farkon yunwar ta rasu, ba a ma sani ba sai da aka kwana biyu ba a ji motsinta ba. Katanga ta zube, ɗaki ɗaya ya rage da rufi. Nan ya shiga da rana tsaka, shi kaɗai, da garwa tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki waƙa uku.

Da la'asar ya kira ni bayan rumbu ya kunna mini. Muryarsa ta fito, garwa na amsa masa. Can ƙasa-ƙasa kuma sai na ji daka. Taɓarya ce sosai a cikin turmi, tana tafiya daidai da maganarsa. In ya tsaya jan numfashi, ita ma sai ta tsaya.

Na ce, "Wa ya yi maka daka?"

"Wane daka, Yaya?"

Na mayar da kaset baya. Ya kasa kunne ya saurara. Ya rantse babu kowa a wurin, ko akuya.

Inna ta zo wucewa da ƙwarya a hannu, ta tsaya cak har waƙar ta ƙare. Ta ce haka tsohuwar nan take daka, bugu biyu ta ɗan dakata, saboda kafaɗarta da ta taɓa gocewa. Ta yi salati, ta ce a ƙona kaset ɗin. Da Baba ya ji, ya ce iska ce ta kwaso dakan matan unguwar gabas. Amma ni na san a shekarar nan babu gidan da ke da abin dakawa da rana tsaka.

Ƙanena bai ƙona kaset ɗin ba. Ranar kasuwa ya kai wa mai sayar da kaset, shi kuma ya yi ta kwafa. Kafin kaka direbobi sun kai shi har Gezawa da Rimin Gado. Kowa na tambayar kaset ɗin yaron nan mai daka. Yara sun haddace shi kaf, dattawa na tsaki amma ba sa tashi daga inda ake sa shi.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne a gidan suna. Mu biyar muka kewaye turmi, muna hira, sai na lura dukanmu bugu biyu muke yi mu dakata. Babu wadda ta shirya hakan. Na saki taɓarya na ce kaina ke ciwo.

Daga baya wasu mutane biyu suka zo daga birni a ƙaramar mota, suka durƙusa gaban Baba suka ce za su tafi da ƙanena ya yi wasa a zauren taro, a kuma sa shi a rediyo. Sun so sababbin waƙoƙi masu daka. Suka sa ya kai su kufan, aka kunna rakoda, ba ta ɗauki komai ba sai muryarsa. A birni suka samo mata suka yi masa daka, duk wanda ya ji ya ce ba shi ba ne.

Duk da haka sunansa ya tafi. Bayan wata uku ya dawo da hular hana-salla da buhun dawa biyu. Ya rame. Inna ta hana a taɓa dawar sai da ta ɗebi kwano uku ta bayar sadaka, Allah ya kai ladan kabarin tsohuwar.

Ranar da zai koma na raka shi bakin titi. Ya ƙi bin hanyar bayan gona, muka zaga ta wajen makarantar firamare.

"Yaya," ya ce, "in na hau dandamali ina jin ta a bayana. Na tambayi makaɗina, ya ce shi ba ya jin komai."

Na ce ya riƙe addu'a.

Ya yi shekaru yana waƙa, har Legas aka kai shi, sannan wata rana ya bari ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. Yanzu yana Kaduna yana sayar da kayan wuta. 'Ya'yansa ba su san ya taɓa waƙa ba, kuma ya roƙe ni kada in faɗa musu.