Kaset ɗin da Ba Shi da Zare

Jama'a masu karatu, ina yi muku sallama. Abin da zan faɗa muku ya same ni ne shekara huɗu da suka wuce, a tsakiyar damina, lokacin da nake jan motar haya tsakanin Gusau da Tsafe bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, aikin ofis kuma bai samu ba. Ni ba mai son labaran aljanu ba ne, hasali ma a makaranta an san ni da musu a kan duk maganar da ba ta da hujja, amma na rantse da Wanda raina yake hannunsa, ba zan ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da kunnena ya ji da rana tsaka a gaban fasinjoji shida ba.

Motar ta kawuna ce, Kawu Ladan, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Bungudu tun ina ƙarami. Ya fi shekara ashirin yana bin wannan hanya, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san al'adarsa: ba ya tayar da mota sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya waiwaya baya ya ce, "Jama'a, hanya ba ta da tabbas, mu yahi juna." Sai fasinjoji sun amsa, sannan ya tura kaset ɗinsa na kiɗan noma cikin rediyo ya kama hanya.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka kashe shi. A ranar kasuwar wani ƙauye da ke bayan Tsafe, wanda ba zan ambaci sunansa ba, wani mai sayar da taki da ake kira Isuhu ya tsaya a bakin tasha ya nuna Kawu, ya ɗaga murya ya ce ga direban da yake kai wa 'yan bindigar daji abinci da mai. Kun san yadda zukata suke a ƙasarmu a waɗannan shekaru, kowa da gawar da ya binne, kowa da ɗan'uwan da aka ɗauke masa. Aka buɗe bayan motar, aka ga buhun burodi da galan ɗin fetur. Burodin na suna ne, wata mata ta ba shi saƙo ya kai wa 'yarta. Fetur kuwa, wane direba ne yake shiga wannan hanya ba shi da galan a baya? Ba wanda ya tsaya ya tambaya, jama'a suka rufe shi da duka. Kwana uku Kawu ya yi a gadon asibiti yana numfashi da ƙyar, sannan ya cika. Daga baya ne muka gano tushen abin: Kawu ya taɓa ba da shaida a kan iyakar wata gona a Wanke, shaidar ta kayar da wannan Isuhun, shi kuma ya riƙe abin a ransa.

Mutuwa kowa yana jiranta, ba ita ta fi ƙona mu ba. Sunan da aka binne shi da shi ne ya hana mu barci. Waɗanda suka zo ta'aziyya ba su cika tabarma biyu ba. Matarsa, Inna Hajo, ta daina zuwa biki da suna, 'ya'yansa mata kuma idan sun je ɗiban ruwa sai a riƙa nuna su da baki ana cewa ga ɗiyan infoma. Ni kuwa na tsaya a kan kabarinsa na yi alkawarin da bai dace Musulmi ya yi ba. Ban taɓa ganin fuskar Isuhu ba, an ce ma ya bar ƙauyen, amma sunansa yana bakina safe da yamma, kuma ƙarfen kwance taya da na ajiye a ƙarƙashin kujerata, Allah ya sani, ba don taya kaɗai na ajiye shi ba.

Shekara biyu motar ta yi a gindin dogon yaro a ƙofar gida kafin in tayar da ita. Na sake mata fenti daga fari zuwa shuɗi, na canza rigunan kujeru, don mutane su daina gudunta. Abin da ya rage shi ne rediyon, irin na dauri mai cin kaset, ni kuma duk kiɗan da nake so yana cikin wayata. Sai na kai ta wurin Malam Sule, wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar Tudun Wada a Gusau.

Ya leƙa, ya yi dariya. "Ɗan boko, wanga rediyo ai ya girme ka. Bari in cire shi in sa maka na zamani, wayarka ta kama shi ba igiya ba komi."

Na ce ba za a cire ba, domin yatsun Kawu ne suka shafe rubutun da ke jikin maɓallansa.

"To, kai da tsohonka," in ji shi.

Ya kwance fuskar rediyon, ya goge cikinsa da auduga, ya sa masa sabon bel, wato robar da take juya kaset, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani baƙin kaset mai siririyar igiya a gefe kamar wutsiyar ɓera. Ya ɗaga shi a hasken rana ya ce in duba da kyau. "Ka gani? Babu zare ciki. Wanga ba ya riƙe kiɗi, ba ya riƙe magana. Abin da wayarka ta ba shi, shi yaka miƙa ma rediyo, shi ke nan aikinai." Ya nuna mini yadda zan tura shi kamar kowane kaset, in bar igiyar ta zubo waje, in soke kanta a ramin da ake sa abin sauraro a waya, kada kuma in ƙure sautin wayar don kada ya riƙa fashewa, sauran ƙarin in yi shi daga rediyo. Na roƙe ku ku riƙe wannan: na ga cikin kaset ɗin da idona, babu zare.

Wata biyu ina aiki da shi lafiya ƙalau. Ranar da abin ya faru, Litinin ce, bayan azahar. Na taso daga Tsafe da mutum biyar, huɗu a baya, ciki har da wata dattijuwa mai ƙullin kuka a cinya, sai wani malamin makaranta a gaba, saura wurin mutum ɗaya kusa da shi. Hadari ya haɗo, an fara yayyafi, dawa ta yi tsawo a gefen titi har ba a hango komai a bayanta. Ba mu yi nisa ba sai ga wani mutum a bakin hanya ya lulluɓe kansa da buhu yana ɗaga hannu. Na tsaya. Malamin ya fita ya ba shi tsakiya, ya zauna a matse, gwiwarsa tana gogar rediyon. Siriri ne, mai ɗan gemu, yana da fara'a, har da yi wa na baya sannu da hanya.

Muna tafiya, wani kiɗan gurmi yana tashi a hankali daga wayata, sai ya ce, "Direba, ƙara muna kiɗin nan mana, ya tuna min ƙuruciya."

Na miƙa hannu. Wallahi yatsana bai kai ga maɓallin ba kiɗan ya yanke. Sai wani shuuu ya cika motar, irin na tsohon kaset kafin waƙa ta fara. Na kalli fuskar wayar, na ga waƙar tana nan tana ƙirga daƙiƙunta kamar ba abin da ya faru. Sai aka yi gyaran murya. Sau biyu.

"Jama'a, hanya ba ta da tabbas, mu yahi juna."

Innalillahi! Na san muryar da ta tashe ni sallar asuba shekara goma sha biyar. Na baya kuwa, da yake ba su san komai ba, suka amsa da baki ɗaya kamar yadda aka saba, "Mun yahe, Allah ya yahe muna." Sai dattijuwar nan kaɗai ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Wagga ai muryar Ladan ta. Shekara nawa ina shiga motarshi!"

Muryar ta dakata kamar mai jiran a gama amsawa, sannan ta ce, a natse, ba tsawa ba fushi, "Ban da kai, Isuhu."

Ban san lokacin da na taka birki na gangara gefen titi ba. Na fizge igiyar daga jikin waya, shuuu ɗin bai tsaya ba. Na danna maɓallin fitar da kaset har yatsana ya yi zafi, ya ƙi fita. Na kashe motar, na zare makulli, na riƙe shi a hannuna, ga shi kowa yana gani, kuma duk direba ya san rediyon irin wannan mota ba ya ci sai makulli yana ciki. Amma muryar ta ci gaba.

"Isuhu, mi ka gani bayan motata? Hwaɗa musu."

Mutumin da ke gefena ya zabura. Yana son fita, malamin makaranta ya toshe ƙofa, ni na toshe ɗaya gefen, gwiwarsa kuma tana manne da rediyon yana ta ƙoƙarin janye ta, babu wurin janyewa. Sai ya ce, "Burodi na... burodin suna na. Na sani, gabana matar ta ba shi."

"Ƙara murya, na baya ba su ji ba," in ji muryar.

Ya ƙwala ihu, "Ƙarya na yi mai! Wallahi ƙarya na yi mai! Don gonar Wanke na yi! Ladan, ka yi ma Allah ka bar ni!"

A nan ne hankalina ya dawo jikina, kuma ba da alheri ya dawo ba. Shekara biyu da wani abu ina neman fuskar nan, ga ta yau kafaɗarta tana gogar tawa. Malamin ya buɗe ƙofa ya faɗa waje, Isuhu ya bi shi da rarrafe cikin taɓo, ni kuma na zaro ƙarfen nan na zagayo ta gaban mota. Na tsaya a kansa, ruwa yana dukanmu, na ɗaga hannu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tsakiyar kansa na auna. Sai na ji an riƙe mini gefen riga. Dattijuwar ce, ban san yadda ta fito da sauri haka ba.

"Ɗana, aje. Ba ka ji mai haƙƙi ya riga ka ba? Kai kuma mi naka ciki?"

Na tsaya da hannu a sama. Isuhu ya miƙe ya afka cikin dawa, hannuwansa biyu a kan kunnuwansa, ko buhunsa bai ɗauka ba. Muna tsaye muna kallon karan dawa suna kaɗawa a inda ya bi, sai muka ji ƙaras daga cikin mota. Kaset ɗin ne ya turo kansa waje.

Washegari na koma wurin Malam Sule. Ya kwance kaset ɗin a gabana, ba komai a ciki sai 'yan ƙafafun roba da wani ɗan ƙarfe. Muka bincike wayata kaf, babu muryar Kawu, dama kuma ban taɓa naɗarta ba. Ya saurari labarin bai yi dariya ba ko sau ɗaya, ya ɗaure kaset ɗin ya miƙo mini ya ce, "Ni rediyo nika gyara. Wanga ba aikina ba ne."

Malamin makarantar da dattijuwar ba su yi shiru ba, sun je har gaban mai garin ƙauyen da aka doki Kawu sun faɗi abin da suka ji daga bakin Isuhu. Bayan mako biyu sai ga motoci biyu cike da dattawa a ƙofar gidanmu a Bungudu, sun zo ta'aziyyar da ba su yi ba sama da shekara biyu. Inna Hajo ta sa aka shimfiɗa musu tabarmi, aka kai musu ruwa, ta saurare su daga bayan ƙyaure har suka gama, ba ta ce komai ba sai, "Na ji." Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta ɗaura zanenta na fita ta tafi suna.

Isuhu yana nan da ransa. Direbobi sun ce duk motar da ya shiga sai rediyonta ya kama shuuu ko da a kashe yake, don haka ba mai ɗaukarsa. Wannan ji na yi, ban gani ba, ba zan rantse a kansa ba. Abin da na gani shi ne yana tafiya a ƙasa a gefen titin Tsafe, ya cusa auduga a kunnuwa, yana ba wani haƙuri wanda babu mai ganinsa. Yanzu ina koyarwa, na bar haya, amma motar tana hannuna, kuma idan hanya ta bi da ni ta wurin nakan gan shi. Malamai sun yi mini nasiha in yafe, na kuma san gaskiya suka faɗa, sai dai har yau ban taɓa tsaya masa ba, ko ana ruwa ko ana rana, kuma ba zan ce muku ina jin tausayinsa ba.

Abu ɗaya ne yake tayar mini da tsigar jiki. Duk lokacin da na zo daidai da shi, kiɗan da ke tashi yakan ragu da kansa, a hankali, kamar yadda direba yake rage sauti idan yana son ya kalli wani abu da kyau a bakin hanya. Sai mun wuce shi sannan ya dawo.

Saboda haka ina ba ku shawara, 'yan'uwa: idan kuka ji an nuna mutum a cikin taro an kira shi da mugun suna, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu, kuma kada wanda ya yi ƙarya a kan mamaci ya ɗauka cewa an rufe bakinsa da ƙasa. Ni dai a motar nan ban ƙara zama ina jin cewa ni kaɗai ne a gaba ba.