Inna Don-me a Bakin Labule

A cocin nan ba mai tuna sunanta na baftisma. Inna Don-me ake ce mata, ita ma ta daɗe da amsawa. Shara ce aikinta tun mijinta na da rai: ta bi tsakanin bencina da tsintsiya, ta kankare kakin kyandir a gindin bagadi, ta wanke labulen ɗan ɗakin da ake furta zunubi.

Fada nawa aka kawo aka ɗauke, ba wanda ya tsira daga bakinta. Don me Allah ya halicci Yahuza, alhali ya san abin da zai aikata? Jaririnta da ya rasu kafin a yi masa baftisma, yana ina? Wani tsohon Fada, da ya ji ƙarar tsintsiyarta sai ya sulale ta ƙofar baya. Wani ya ba ta littafi mai kauri, ita da ba karatu, ta tokare ƙafar teburinta da shi. Na yanzu matashi ne, kuma tana ganin girmansa, don in bai sani ba yakan ce bai sani ba.

'Ya ɗaya ta rage mata, Auta, mai auren wani mai walda. Mutum ne marar magana, irin shirun da ba ya kwantar da hankali. Auta ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, ta koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Wata rana ta zo gida da goyo, ido a kumbure, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Abin haushi, matar da ta tsare Allah da tambaya ta kasa tambayar 'yarta wace irin ƙofa ce. Haƙuri ta ba ta, ta raka ta har bakin titi.

Ranar Asabar da la'asar ake furta zunubi. Inna na shara sai ga surukin nata ya shigo, shi da rabonsa da coci tun ranar aure. Ya wuce bayan labule ya durƙusa. Kamar kullum ta ja tsintsiyarta can nesa, don tambaya gare ta, ba saurare ba. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai tsaya addu'a a benci ba yadda kowa ke yi. Ya wuce ta gabanta yana warin ƙonannen ƙarfe, ya dube ta, bai gaishe ta ba.

Can Fada ya fito. Ga layin mutane na jira, amma ya ce su yi haƙuri, ya shige ɗakin ajiye riguna. Tsoro ya kama Inna, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da jaririnta ya yi sanyi a hannunta. Ta bi shi.

"Fada, ina da tambaya."

"Ba yau ba, Inna."

"Yau ɗin dai. In mutum ya faɗa maka a bayan labule cewa zai cuci wani, za ka gargaɗi wanda za a cuta?"

Yana tsaye a bakin taga, hannunsa na dama a dunƙule. Ya ce, "Abin da aka faɗa a can ba nawa ba ne. Ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zai fita daga bakina ba. Haka yake ga kowa, ba wai ina maganar wani ba."

"Ko rai ne?"

"Ko rai ne."

"Don me?"

"Don in na buɗe baki sau ɗaya, ba mai sake durƙusawa ya faɗi gaskiya. Mai mugun nufi ma ba zai zo inda za a roƙe shi ya fasa ba."

"To in bai fasa ba fa? In aka wayi gari da gawa, wa Allah zai tambaya, shi ko kai?"

Ta jira ya ce bai sani ba, bai ce ba. Gumi na bin wuyan rigarsa.

"Inna, yau ni zan tambaye ki," ya ce a hankali. "Nan ba bayan labule ba ne. Abin da kika faɗa mini a ɗakin nan, ina da ikon tashi a kansa. Ke, da idonki, akwai abin da kika gani da ya hana ki barci?"

Bakin da ya kori tsohon Fada ta ƙofar baya ya yi nauyi. Kunya ta rufe ta. Sai maganar ta ɓalle: rigar mai dogon hannu, idon, ƙofar da ba ƙofa ba, da yadda jikanta ke ɓuya ƙarƙashin gado in ya ji babur ɗin ubansa.

"Kina so mu je mu ɗauko su?"

"In gama sharar nan tukuna, ko da safe..."

"Yanzu," in ji Fada.

Ta sa ran zai buɗe aljihun tebur, inda makullin motar coci ke zama. Ta san wurin, ita ke goge teburin. Bai nufi can ba. Ya buɗe hannun da ya dunƙule tun shigowarta, sai ga makullin, har ya yi masa shaida a tafin hannu.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta riga shi kaiwa bakin mota, kuma har suka hau titi ba ta tambaye shi komai ba.