Tagwayen Kawu Husaini

Duk wanda ya taɓa kai gyara shagon Kawu Husaini a Dutsin-Ma ya san ba a rabuwa da shi sai an ga rawar gero. In ya gama aiki, sai ya kwantar da sifika rigingine, ya ɗebo gero daga aljihun gaba, ya barbaɗa a kan takardarta, ya kunna. In geron ya yi tsalle bai ɗaya, aiki ya yi. In ya taru gefe guda, wallahi ko kuka kake yi sai ya sake kwancewa. Kajin unguwar kaf a ƙofar shagonsa suke wuni.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, saboda haka na sha taurin kansa fiye da kowa. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Kunne biyu Allah ya yi maka." Ba ya canza sifika guda ya bar 'yar'uwarta. Akwai ladanin Makera da ya kawo na masallacinsu guda biyu.

"Malam Husaini, ta dama ce kaɗai ta mutu."

"To biyu za a canza."

"Haba! Ta hagun lafiyarta lau!"

"Lafiyarta lau, da muryar tsohuwa. In na sa mata yarinya a gefe, mutanen Makera za su ji ladan biyu, su rasa wanda za su amsa wa."

Kun dai tuna akwatunan sifikar nan biyu na katako masu nauyin tsiya da ke bayan shagon. Daga wani ɗakin ɗaukar sauti da aka rufe a Katsina suka fito, tun Kawu yana saurayi, lokacin ɗan'uwan tagwaicinsa Hassan yana da rai. Hassan da Husaini yake kiran su, kuma da dokar tagwaye yake riƙe su: ba a yi wa ɗaya abu a bar ɗaya. Na taɓa ɗora kofin shayi a kan Hassan, bai yi faɗa ba, ya ce in je in ɗauko wani kofin in ɗora wa Husaini, kada ya turo mana kunama.

To, sai na ga Binta, 'yar Alhaji Mamman mai hatsi na Kurfi. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma na ji labarin ya ce mai yawo da sifika gidan biki ba sana'a gare shi ba. Da walimar saukar makarantarsu Binta ta zo, ya aiko cewa ni zan kawo kayan sauti. Kowa ya gane jarrabawa ce. In murya ta shaƙe a gaban malaman Kurfi, ni da Binta sai dai a mafarki. Na roƙi Kawu aron tagwayen, abin da bai taɓa ba kowa ba. Ya yarda, da sharaɗin ƙafarsu ƙafarsa.

Ranar walimar da hantsi muka kunna don gwaji, Hassan ya yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Muka cire ragar gaba, ashe ɓera ya cinye takardar sifikar. Ragowar geron Kawu ya bi, amma wa ya isa ya faɗa? Na hau babur na karaɗe garin, da ƙyar na samo sabuwa guda mai faɗin ramin. Na dawo gumi sharkaf, na tarar Kawu yana shan fura.

"Ina ta Husaini?"

"Kawu, ita kaɗai ce a garin nan! Bayan La'asar za a fara!"

"Kunne nawa Allah ya yi maka?"

"Kawu, aurena fa!"

Bai kula ni ba. Ya shanye furarsa, ya ɗauki sukudireba, ya nufi Husaini mai lafiya ya fara kwance shi. Jama'a! Ɗazu ina da sifika ɗaya mai magana, yanzu ga akwati biyu da rami a ƙirji. Ana haka wayata ta yi ƙara, Alhaji ne da kansa.

"Malam Sani, an shimfiɗa tabarmi, ba mu gan ku ba."

"Muna hanya, Alhaji."

Kawu ya ɗaga murya yadda za a ji har Kurfi: "Wace hanya? Ko kwano ba a wanke ba!"

Na kashe wayar ina jin kamar in fashe da kuka. Shi kuwa ya shige ɗakinsa, ya daɗe, ya fito rungume da wani ƙunshi a cikin tsohuwar riga shuɗiya. Ya warware a hankali. Sifika biyu ne iri ɗaya, irin na asalin akwatunan, ko ƙura babu a jikinsu. Ya ɗora su, ya liƙa waya, ya taɓa kowacce da batirin tocila ya ga takardunsu sun turo gaba tare. Ya laluba aljihu, babu gero, ya zubar saboda haushin ɓera. Ya ce a Kurfi a gwada.

Mun isa ana sallame La'asar, malamai sun fara zama. Kawu ya sa aka kwantar da akwatunan a gaban jama'a, ya dubi Alhaji Mamman.

"Alhaji, a taimaka mani da gero."

Alhaji ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Aka kawo daga shagonsa. Kawu ya barbaɗa, ya kunna, geron ya tashi bai ɗaya a kan duka biyun. Na fara sauke numfashi ke nan, ya sunkuya ya tsinci wani abu.

"Sifika lafiya lau. Amma wanga geron naka, Alhaji, da tsakuwa."

Na ce a raina shi ke nan, Binta sai wata rana. Alhaji ya karɓi tsakuwar ya jujjuya, sai ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace, ya juya ga yaran shagonsa.

"Mi na hwaɗa maku? Na ce buhun nan da aka kawo daga Kuki a sake tankaɗe shi!"

Da Binta ta fara karatu, har na bayan katanga sun ji kowane harafi. Aka shafa fatiha, Alhaji ya kira ni gefe ya ce in turo magabatana. Kawu yana naɗe waya ya ce magabaci ya riga ya zo, a kawo masa tabarma.

A mota muna dawowa na ga ya ninke rigar shuɗiyar ya ɗora a cinya. Na tambaye shi ta wa ce.

"Ta Hassan ce. Shi ya sayi sifikun, ya ce mu aje sai ranar da ɗayanmu zai aurar da ɗansa." Ya juya yana kallon gonaki. "To, ga shi an aurar."

Kawu bai taɓa haihuwa ba, Hassan kuma ko aure bai kai ga yi ba.

Tagwayen suna ɗakina yanzu, kuma in na goge ɗaya sai na goge ɗayan. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya daɗe shi kaɗai, ya Allah. Ka haɗa shi da Hassan ɗinsa a Aljanna.